Assassin's Creed II: Ezio ya iya ramuwa, amma sanɗar fa?

Duk lokacin da aka tayar da musun wanne ya fi a jerin wasannin bidiyo na Assassin's Creed, kafin ka rufe baki wani zai ce na biyu, sauran su gyaɗa kai, a wuce wurin. Ni ma ina cikin masoyansa, kada a ce ƙiyayya ce. Amma yabon ya yi yawa har ya danne wata gaskiya: an kawo mana shi a matsayin wasan sanɗa da ɓuya, alhali ɓuyar ce mafi rauni a cikinsa. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya sani zan tona labarin har ƙarshe.

Sai ka tuna na farko kafin ka gane dalilin da ya sa mutane suka rungumi na biyu haka. Na 2007 ya kai mu shekarar 1191, zamanin yaƙin Salibiyya na uku, tsakanin Ƙudus da Akka da Dimashƙa, aka ba Altaïr sunayen mutum 9 ya kawar. Wurin ya yi kyau, aikin ne babu daɗi. Ka hau hasumiya, ka zauna kan benci ka saurari hirar wasu, ka yanki aljihun wani, ka bi wani lungu ka lakaɗa masa duka ya yi bayani, sannan a ba ka izinin kisa. Ka gama, a sake maka irinsa sak a wani gari. Ga shi gwanin namu da ya faɗa ruwa, shi ke nan, sai gawa.

Da na biyu ya fito a watan Nuwamba 2009, ya nuna mutanen kamfanin Ubisoft na Montreal, masu ƙera wasan, sun ji ƙorafin jama'a. Abin da suka fi gyarawa shi ne mutumin da kake riƙe da shi. Ezio Auditore ɗan mai banki ne a Florence ta ƙasar Italiya, ɗan shekara 17, mai rawar kai da neman 'yan mata. A 1476 muka same shi yana faɗan daba a kan gada, aka jefe shi da dutse a leɓe, tabon ya zauna masa har tsufa. Daga nan sai aikace-aikacen gida. Ka kai wa baba wasiƙa. Ka je ka jibgi saurayin ƙanwarka Claudia da ke yaudararta. Ka rako mama wurin wani matashin mai zane, Leonardo da Vinci, ka ɗauko mata akwatin hotuna. Ƙaninka Petruccio, yaro mara lafiya, ya roƙe ka ka tsinto masa gashin tsuntsu a kan rufin gidaje, ya ƙi faɗa maka abin da zai yi da shi. Kana ganin kamar ɓata lokaci ne. Sai ga ka tsaye cikin taro a dandalin gari, an sa wa baban da yayanka Federico da wannan yaron igiya a wuya, kuma wanda ya yanke hukuncin shi ne Uberto Alberti, aminin gidan da ka damƙa wa takardun da za su wanke su a daren jiya. Wallahi daga wannan wurin ba ka bukatar kowa ya ba ka dalilin ci gaba da wasa.

Yadda suka saƙa labarin da tarihi na gaske ma abin a yaba ne. Makircin gidan Pazzi ya faru: ranar 26 ga Afrilu 1478 aka far wa 'yan gidan Medici, masu juya garin, a babbar majami'ar Florence, aka kashe Giuliano, Lorenzo ya tsira da rauni a wuya. Wasan ya cusa Ezio a tsakiyar wannan rana, ya kuma jera masa masu maƙarƙashiyar ɗaya bayan ɗaya. Ba ko'ina suka bi tarihi ba. Babban limamin coci Francesco Salviati, a gaskiyar lamari rataye shi aka yi ta tagar fadar gwamnati a ranar. A wasan sai da ya gudu ƙauye ka bi shi. Bernardo Baroncelli kuwa sai 1479 aka rataye shi, Leonardo na gaske ya zana gawarsa tana lilo, zanen yana nan har yau. Wannan karkacewa ba ta dame ni ba, don kowane gini da kowane babban mutum yana da ɗan bayaninsa da za ka buɗe ka karanta. Da yawanmu ta nan muka fara jin sunan Medici da Caterina Sforza da Machiavelli, ba a aji ba. Ka haɗa da kiɗan Jesper Kyd lokacin da kake kan rufin Venice da yamma, ka ga dalilin da ya sa mutane ba sa iya sukarsa.

To, mu zo kan sanɗar. A takarda an ba ka kayan aiki iri-iri. Kana iya sajewa da kowane gungun mutane, ka yi hayar ɓarayi ko sojojin haya ko karuwai su ɗauke hankalin dogarai, ka watsa kuɗi a ƙasa jama'a su rufe hanya, ka soki mutum da guba ya riƙa haukan sara kafin ya faɗi, ka jawo mai gadi cikin amalanken ciyawa. Idan sunanka ya ɓaci a gari, ka yage fastocin neman ka ko ka ba mai shela na goro ya yi shiru. Duk suna aiki. Tambayar ita ce me zai sa ka wahalar da kanka. Dogarai goma za su kewaye ka, su riƙa kawo sara ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin layin awo, kai kuma ka riƙe madannin karewa, ka jira hannu ya ɗaga, ka danna ɗaya, mutum ya faɗi. Idan manyan masu gatari sun matsa maka, ka fasa bam na hayaƙi ka bi su biyu-biyu da wuƙaƙen hannun riga. Jini ya yi ƙasa? Kwalaben magani har 15 suna jakarka, a tsakiyar faɗa za ka kurɓa. Wasan ɓuya yana rayuwa ne da tsoron a gan ka. A nan idan an gan ka, su ne suka shiga uku. Ko durƙusawa Ezio ba ya yi, sai a Unity, wani wasan jerin na 2014, aka kawo wannan madanni. Da masu ƙera wasan suka ga babu abin da ke tilasta maka laɓewa, sai suka bi gajeriyar hanya: a wasu ayyukan da an hango ka an katse wasan, ka koma baya. Wannan hukunci ne kawai, bai gyara komai ba. Ban ma so in fara maganar bin sawun mutum yana tafiyar hawainiya, ga maroƙa masu molo sun tare maka gaba.

Kuɗi ma haka. Gyaran Monteriggioni, garin Mario, baffan Ezio, yana da daɗi da farko: ka buɗe banki da shagon maƙeri da na tela, ka gyara rijiya da coci, ka ga kango yana komawa gari, Claudia na riƙe da littafin lissafi. Amma duk minti 20 kuɗi na zuba a akwati, kafin ka kai tsakiyar Venice ka sayi duk abin saye. Kaburbura 6 da ake shiga don samo sulken Altaïr su ne wurin da hawa da tsalle suka fi armashi, in ban da kyamarar da kan juya lokacin da ka daka tsalle. Gashin tsuntsu 100 kuwa, wanda ya haƙura ya tara su duka, ladansa mama ta buɗe baki ta yi magana bayan shekaru, da wata alkyabba da in ka yafa ta dogaran gari ke gane ka nan take. A wasan ɓuya fa!

Akwai abin da ba laifin masu zane ba ne, na 'yan kasuwar kamfanin ne. Kana gama babi na 11 sai a tsallaka da kai na 14, a ce wai wannan ɓangaren na tunanin Ezio da ake nuna maka ya lalace. A farkon 2010 sai ga babi na 12 da na 13, yaƙin Forlì da zamanin mai wa'azi Savonarola a Florence, an kawo su sayarwa daban. Na kwamfuta da ya fito a watan Maris na shekarar ya zo da sharaɗin sai kana kan intanet ko da yaushe, a wasan da kai kaɗai kake bugawa. Layi ya yanke, wasa ya tsaya. Wanda ya san yadda sabis yake a garuruwanmu a wancan lokacin ya san wa aka kora. Wanda zai nema yanzu, The Ezio Collection na 2016 ya haɗo babukan biyu a ciki.

Ga masu ƙanne a gida, wasan na manya ne. Bayan jini da gidajen karuwai, can ƙasan labarin akwai tatsuniyar wasu halittu da wai su suka ƙera ɗan Adam, har da wani ɓoyayyen bidiyo da ya taɓa Adamu da Hauwa'u. Kamfanin ya rubuta tun a farko cewa ƙagaggen labari ne, amma ba abin da za ka miƙa wa yaro ka fita ba ne.

Ƙarshen ne ya fi ba ni haushi. Shekara 23 Ezio yana bin Rodrigo Borgia, wanda ya zama Fafaroma Alexander na shida a 1492. A 1499 ya kutsa fadar Vatican ya same shi, sai ya zubar da makamai, aka koma dambe da dattijo mai tumbi. Ya kayar da shi, ya ce ya gaji da kisa, ya bar shi. Mutumin da ya kashe masu gadi bila adadin a kan hanyar shigowa, waɗanda albashi kawai suke nema, shi ne tausayi ya kama a kan wanda ya sa aka rataye ubansa. Dalilin a fili yake: Borgia na gaske sai 1503 ya mutu, tarihi ya ɗaure wa marubutan hannu, ba su kuma nemo hujjar da za ta shiga kai ba. Su ma kamar sun san da haka, don Brotherhood, wasan da ya biyo baya a 2010, da abin da ya buɗe ke nan: Machiavelli ya yi wa Ezio faɗa a kan wannan sassauci, washegari Cesare, ɗan Borgia, ya iso Monteriggioni da igwa, ya rushe garin da ka kashe kuɗi kana gyarawa, ya harbe Mario a ƙofar gari.