An bar jaki ana dukan taiki: wa ke da alhakin gazawar masu shiga tsakani?

Duk lokacin da wani zaman sulhu ya watse a Geneva ko a New York, abu na farko da ake ji a bakin jama'a shi ne wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya gaza. Ana musu kallon 'yan kwat da suka saba da otal-otal da kujerar gaba a jirgi, suna karɓar alawus yayin da jini ke kwarara. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma tarihin Kofi Annan, tsohon babban sakataren Majalisar, kaɗai ya isa hujja.

Bayan zaɓen Kenya na Disamban 2007, rikici ya ci rayukan mutane fiye da dubu. Tarayyar Afirka ta ɗora wa Annan jagorancin sulhu tare da Graça Machel da Benjamin Mkapa. Ranar 28 ga Fabrairun 2008 Shugaba Mwai Kibaki da madugun adawa Raila Odinga suka sa hannu kan raba mulki. Me ya sa abin ya yiwu? Saboda kowa ya tsaya a bayan Annan, har sakatariyar harkokin wajen Amurka, Condoleezza Rice, ta je Nairobi da kanta ta ƙara matsa lamba. 'Yan siyasar Kenya suka duba hagu da dama, ba su ga wata ƙofar da za su ɓuya a bayanta ba.

Shekara huɗu bayan nan aka tura mutumin nan Siriya. Basirarsa na nan, haƙurinsa na nan, sunansa ma ya ƙaru. Ya kawo shiri mai matakai shida, amma Kwamitin Sulhu a rabe yake. Rasha da China suka hau kujerar na ƙi a Yulin 2012, wasu ƙasashe kuwa suna ta tura wa 'yan tawaye makamai da kuɗi. A watan Agusta ya ajiye aikin, ya faɗa a fili cewa rarrabuwar kan Kwamitin ce ta ɗaure masa hannu.

Mai shiga tsakani ba shi da soja, ba shi da baitulmali, ba ya iya ƙaƙaba takunkumi. Ƙarfin da yake shiga ɗakin taro da shi na aro ne daga ƙasashen da suka aike shi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da masu shi suka janye, magana ce kawai ke saura a bakinsa, kuma masu riƙe da bindiga sun fi kowa saurin gane hakan.

Akwai kuma abin da masu sukar ke mantawa: aikin nan yana cin rayuka. An harbe Folke Bernadotte, mai shiga tsakani na farko da Majalisar ta naɗa, a birnin Ƙudus a 1948. Ralph Bunche, baƙar fatar Amurka da ya gaje shi, bai ja da baya ba, ya ci gaba har aka samu yarjejeniyoyin tsagaita wuta na 1949 tsakanin Isra'ila da maƙwabtanta Larabawa. Dag Hammarskjöld, yana babban sakatare, ya mutu a haɗarin jirgi kusa da Ndola a 1961 a kan hanyarsa ta neman tsagaita wuta a lardin Katanga na Kongo. Sérgio Vieira de Mello, wakilin Majalisar a Iraƙi, ya rasu a ƙarƙashin ɓaraguzan otal ɗin Canal a Bagadaza ranar 19 ga Agustan 2003, harin da ya kashe mutum 22. Mutumin da ya rantse yana neman jin daɗi ba ya zaɓar wannan hanya.

Ba ina wanke su tas ba ne. Suna da nasu ciwon, wato tsoron ɓata wa manyan ƙasashe rai, wanda shekaru a ofis ke shuka wa ma'aikaci. A Janairun 1994 Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar a Ruwanda, ya aika saƙo daga Kigali cewa ana tara makamai domin kashe 'yan Tutsi, ya nemi ya ƙwace su. Sashen kiyaye zaman lafiya, wanda Annan ke shugabanta a lokacin, ya hana shi. Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000. Daga baya Annan ya amsa cewa ya kamata a ce ya ƙara ɗaga murya. Wannan laifi ne na gaske, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Sai dai a tuna cewa Kwamitin Sulhu ne, ana tsaka da yanka mutane a Afrilu, ya rage dakarun zuwa 270.

Darasin Ruwanda ne ya haifi rahoton Lakhdar Brahimi na shekarar 2000, wanda ya buƙaci ma'aikatan Majalisar su riƙa gaya wa Kwamitin abin da ya wajaba ya sani, ko da ba ya son ji. A ganina nan ne ma'aunin da ya dace a auna jami'in diflomasiyya da shi: ya faɗi gaskiya da wuri, ya ambaci wanda ke toshe hanya, in an mayar da shi mayafin rufe gazawar wasu kuma ya sauka. Brahimin da kansa, wanda ya taimaka wajen kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon da yarjejeniyar Ɗa'if a 1989, ya gaji Annan a Siriya. Da tattaunawar Geneva ta rushe a Fabrairun 2014, dattijon mai shekara 80 ya tsaya gaban 'yan jarida ya nemi gafarar mutanen Siriya. Wata uku bayan haka ya miƙa takardar murabus.