Gwanin Mayberry

A jihar Karolina ta Arewa akwai abubuwan da ba a wasa da su a gaban tsofaffi. Ɗaya gasasshen namansu ne, wanda ba ruwana da shi tunda na alade ne. Ɗayan kuma wani tsohon wasan barkwanci ne na talabijin, The Andy Griffith Show, labarin wani ƙaramin gari da aka ƙirƙira mai suna Mayberry. Wannan kam ni na kai kaina, da ƙafata da bakina.

A Greensboro nake zaune, garin da 'yan Nijar suka yi yawa har in ka shiga wasu shaguna sai ka ji ana ciniki da Zabarmanci da Hausa. Aikin dare nake yi a wani gidan mai. Saman kantar da nake tsayawa akwai talabijin a rataye, rimot ɗinta ya ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki, maɓallin ƙara murya kuma ya lotsa ciki. Hoto tangaran, murya babu ko tari. Tasha ɗaya aka bar ta a kai, mai maimaita tsofaffin wasanni, kuma kullum sai ta sako mutanen Mayberry cikin baƙi da fari. Tsakanin mai sayen sigari da mai neman makullin banɗaki, na kalle su har na san kowa da tafiyarsa.

Da yake ba na jin abin da suke faɗa, sai na tsara musu labari da kaina, kuma har gobe ina ganin nawa ya fi ma'ana. Siririn ɗan sandan nan mai zare ido, mai hula da bindiga, shi na ba wa muƙamin oga. Dogon mai murmushi, wanda ba hula ba bindiga, na ce yaronsa ne. Matar nan mai jiki da ke girki tana kai abinci ofis cikin kwando, uwargidan dogon ce. Ta ɗan girme shi, amma wa ya san dukiyar da ta zo da ita? Sai wani mai ƙiba da farar kwat a yamutse, wanda kan shigo yana tangaɗi, ya zare makulli daga bango, ya buɗe ɗakin tsare masu laifi, ya shige ya kwanta abinsa. Na daɗe ina nazarin wannan mutum. A ƙarshe na yanke cewa shi ne mai ginin, ya ba 'yan sanda haya ya keɓe wa kansa ɗaki ɗaya. Tangaɗin kuma sanyin ƙashi ne.

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu. Baba nake ce masa, tun yana tambayar dalili har ya saba. Wata rana na ga hoton motar 'yan sandan Mayberry manne a bayan motarsa, sai bakina ya riga hankalina: "Baba, ai babu daren da ba na kallon wasan nan!"

Dattijo ya ajiye tiyon ban-ruwa ya rungume ni. Ashe suna da ƙungiyar gasar tambayoyi a kan wasan, mutum huɗu, an yi wa ɗayansu aikin gwiwa, ga shi ranar Asabar akwai karawa. Ya ce Allah ne ya kawo ni.

Da na gaya wa uwar yara, ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. "Maigida, kai da ka ce talabijin ɗin wurin aikinku kurma ce?"

Na ce, "Hajiya, gani ya kori ji."

Ta ce, "To, Allah ya sa kar ji ya kore ka."

Ranar Asabar muka miƙi hanyar arewa zuwa garin Mount Airy, muka wuce gindin dutsen Pilot mai ƙululu a ka, Baba yana ta karatu. Nan Mount Airy aka haifi jarumin wasan, Andy Griffith, a 1926, ya rasu a 2012. Sunan dutsen nan aka juya aka samu Mount Pilot, garin da mutanen Mayberry ke zuwa in suna son ganin birni. Mount Airy kuwa ta riƙe abin hannu bibbiyu: ga shagon aski, ga tsofaffin motocin 'yan sanda ƙirar Ford da ake zagayawa da baƙi a ciki, ga biki duk watan Satumba. Ni dai sai gyaɗa kai nake, ina cewa "ƙwarai kuwa."

Zauren cike yake da furfura. Mutum uku na ƙirga sanye da kakin siririn ɗan sandan nan, kowanne yana zare ido yana jan hanci. A teburinmu akwai Baba, da wani mai sanda, da wata tsohuwa da ke saƙa hular ulu. Zagayen farko na rubutu ne, kuma a nan na fara zargin cewa na shigo gonar da ba tawa ba. Yaushe aka fara nuna wasan? Tsohuwa ta rubuta 1960, a tashar CBS, aka rufe a 1968. Kashi nawa ne? 249. Nawa ne baƙi da fari? 159. Lambar yabo ta Emmy nawa Don Knotts ya ci da rawar Barney, wato siririn ɗan sandan nan? Biyar, shi kuwa mai sunan wasan ko ɗaya bai samu ba. Duk wannan ba ta daina saƙa ba, alƙalami kawai take ɗauka ta ajiye. Aka tambayi wanda ya yi fiton da ake buɗe wasan da shi, ta rubuta Earle Hagen, ta ƙara da cewa shi ne ma ya tsara kiɗan. A raina na ce, wane fito kuma? Abin da na sani uba da ɗa ne ke tafe da sandunan kamun kifi, yaron ya jefa dutse cikin ruwa. Shi ma dutsen ashe akwai magana. Yaron, Ron Howard, wanda ya girma ya zama babban darakta, shekararsa shida lokacin, hannunsa ba ya kai jifa har ruwan, sai wani ma'aikaci ya laɓe a bayan ciyayi ya jefa masa. Tafkin ma a Los Anjalis yake. Duk Mayberry ɗin da aka yi mini wa'azinta a mota, a Kalifoniya aka ɗauke ta.

Sai zagaye na biyu, na miƙewa tsaye ɗaya bayan ɗaya a riƙe makirufo.

"Mene ne dangantakar Bee da Andy Taylor?"

Aka nuno hotonta, matar nan mai kwando; Andy Taylor kuwa sunan dogon ne a wasan. Na yi hamdala a zuci, na gyara murya na ce, "Matarsa ce."

Zauren ya yi tsit. Mai tambaya ya duba takardarsa, ya dube ni, ya ce gwaggonsa ce. Matarsa ta rasu, shi ya sa tun kashin farko gwaggo ta dawo gidan don ta riƙe masa yaro, kamar yadda ta riƙe shi kansa. Na ce a yi mini afuwa, amma matar da ke dafa maka, ta kai maka har ofis, ta kuma murtuke fuska in ka yi dare, a bincika dai. Wani ya fashe da dariya daga baya, sauran suka bi. Baba ya miƙe yana cewa jama'a, "Barkwanci gare shi, haka yake ko a gida."

"Me Barney ke ajiyewa a aljihun rigarsa?"

Na sha ganinsa yana laluben aljihun nan hannu na rawa duk lokacin da hankali ya tashi. Na ce maganin hawan jini. Ashe harsashi ne, guda ɗaya tak, don in aka bar shi da bindiga cike sai ya ɗirka wa daɓen ofis. Kuma dogon ne ya hana shi, domin dogon shi ne oga. Wannan labarin ya fi na gwaggo girgiza ni.

"Kwatanta mana Sarah."

Yanzu kuma ba hoto. Na tattaro duk matan da na taɓa gani a allon nan na zaɓi ɗaya. Na ce doguwa ce, mai gajeren gashi, tana yawan riƙe jaka. Tsohuwarmu ta ajiye saƙa a karon farko. Sarah ita ce mai haɗa layin tarho a garin, kowa na ɗaga waya ya kira sunanta, amma cikin shekara takwas ba a taɓa nuna fuskarta ba. Tarko ne aka ɗana, ni kuwa na shiga har da bayanin jaka.

Abin da ya ba ni sararin shan iska rigima ce da ta ɓarke kan sunan Barney na tsakiya. Wani ya ce Milton, wani ya ce Oliver, na uku ya ce harafin P ne kawai, kuma kowa da kashin da ya kafa hujja da shi, don marubutan ne da kansu suka riƙa mantawa. Daga nan aka faɗa kan ko Andy da Barney 'yan'uwa ne, tunda an faɗi haka a farkon wasan sannan aka yi shiru da zancen. Suka yi ta jawo hujjoji da lambar kashi kamar malamai a zaman rabon gado, ni kuwa na ci kek yanka biyu.

Tambayata ta ƙarshe ita ce: ɗakin tsare mutane nawa ne a ofishin, kuma ina ake ajiye makulli? Nan fa aka zo unguwarmu. Na ce biyu, makullin kuma yana rataye a bango tsakaninsu, inda na ciki zai iya miƙa hannu ya ɗauka. Aka tafa. Baba har da buga tebur. Da na zauna a nan da an rabu lafiya, amma daɗin tafi ya ɗebe ni, na ƙara da cewa ai dole a bar makullin a kusa saboda mai gidan, dattijon nan mai ciwon ƙafa da ke kwana a ciki.

Sai da aka ba mai sanda ruwa. Ashe wanda na ce mai gidan ne Otis sunansa, mashayin garin, wanda in ya bugu yakan kawo kansa ya kulle don ya hutar da hukuma. Wani mai farar kwat da ya yi shigarsa ya taso daga can ƙarshen zaure ya riƙe hannuna, ya ce shekara da shekaru yana wannan shiga, ba a taɓa girmama shi haka ba.

Mu ne na biyu daga ƙasa. Waɗanda muka fi mutum biyu ne kawai a teburinsu, ɗayansu barci ya yi.

A hanyar dawowa Baba bai ce uffan ba har muka baro dutsen a baya. Rana ta faɗi, sai na ji ya fara wani fito a hankali, mai tsalle-tsalle, yana buga sitiyari da yatsa. Na saurara, na ce, "Baba, mu dai a wajenmu ba a fito da magariba, amma wannan da daɗi take. Wace waƙa ce?"

Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe mota. Ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, talabijin ɗin nan taku, tana da murya kuwa?"

Na ce, "Baba, ko rimot ba ta da shi."