Ga Mai Tsallen da Yatsunsa Ba Su San da Shi Ba

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, shi ma wanda ake yi dominsa ya san kansa. Magana ce a kan wani bawan Allah da ke zirga-zirga tsakanin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, wanda a 'yan watannin nan ya naɗa wa kansa sarautar iya motsi a wasan harbe-harbe na Apex Legends, yana cika mana waya da gajerun bidiyo, har ta kai shi ga karɓar sidi a hannun ƙananan yara da sunan zai koya musu karya kwana a iska. Da alfahari kaɗai ya tsaya yi, da mun ci gaba da kallonsa muna murmushi kamar yadda muka saba, amma tun da kuɗin abincin makarantar ƙannenmu ya shigo cikin lamarin, wajibi ne a bayyana wa jama'a yadda dabarar take, kowa ya auna da kansa.

Dabarar da ake magana a kai ita ce wadda 'yan wasa ke kira taf-sitiraf. A wannan wasa, idan ɗan wasa ya yi gudu ya zame sannan ya daka tsalle, ƙarfin gudunsa yana ci gaba da jan sa zuwa inda ya fuskanta, kuma a ƙa'ida ba zai iya juyawa da sauri ba sai ya dira. Sai dai akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci bayan tashinsa daga ƙasa, wanda bai kai rabin sakan ba, da duk wani sabon danna maɓallin tafiya yake karkatar da wani kaso na wannan gudu zuwa sabuwar fuska. Danna ɗaya ba ya yin wani abin kirki. Abin da masu wasa a kwamfuta suka gano shi ne, idan aka ɗora aikin maɓallin tafiya gaba a kan 'yar tayar da ke tsakiyar maus, murza ta sau ɗaya yana aika danna masu yawa a jere, kowanne yana ƙara karkatar da jiki, ta yadda idan mutum ya riƙe maɓallin hagu ko na dama yana kuma juya maus ɗin a lokaci guda, zai iya yin kwana mai kaifi, har ma ya juya baya gaba ɗaya, digiri 180, ba tare da gudunsa ya mutu ba. Aikin yatsu uku ne ko huɗu da wuyan hannu, duka a cikin ƙiftawar ido, kuma wanda ya taɓa zama ya koya ya san ana shan faɗuwa kafin hannu ya faɗa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan karkatarwa tana amsa danna maɓalli ne kawai, irin na kibod, wanda ko dai an danna ko ba a danna ba. Sandar hannun gem ba haka take aiki ba, a hankali take tura motsi gwargwadon yadda aka tanƙwara ta, saboda haka wasan ba ya ba ta wannan dama. Wannan ne ma tushen doguwar taƙaddamar da aka daɗe ana yi tsakanin ɓangarorin biyu: masu kibod suna da karya kwana, masu hannun gem kuma suna da taimakon saiti da wasan ke ba su idan an yi gaba da gaba. Malamin namu kuwa, a duk bidiyon da ya nuna fuskarsa, hannun gem ne a tafinsa, ya kishingiɗa yana taunar cingam, alhali mutumin da ke kan allo yana juyawa a sama kamar an ja shi da igiya. Abu biyu ne kawai za su iya bayyana wannan: ko dai bidiyon na wani ne aka manna fuska a gefe, ko kuma akwai wata manhaja da ke mayar da taɓa maɓalli ɗaya ya zama danna kibod bila adadin. Ina kyautata masa zato, don haka na zaɓar masa na biyun.

Ya kuma sha faɗa a bainar jama'a cewa tun 2017 yake wannan juyi, tun muna wasan ƙwallo a waya. Allah Sarki. Kamfanin Respawn bai saki Apex Legends ba sai ranar 4 ga Fabrairun 2019. Wanda zai yi iƙirarin ya riga wannan rana sanin dabarar sai ya kasance ya buga Titanfall 2, wasan da kamfanin ya fitar a 2016, inda irin wannan motsi ya samo asali, kuma ban taɓa jin sunan wasan nan ya fito daga bakinsa ba. Da ya san tarihin abin da yake sayarwa, da ya ba yaran labarin yadda a ƙarshen Agustan 2021 kamfanin ya sanar cewa zai cire dabarar, bisa hujjar cewa ba kowa ke iya kaiwa gare ta ba kuma abokin karawa ba ya iya karanta ta, da yadda 'yan wasa suka yi ca a kai, da yadda aka jingine shirin bayan an ga gyaran yana ɓata wasu motsin da ba a yi nufin taɓawa ba. Da ya gaya musu cewa a farkon 2024 an toshe hanyar haɗa fayilolin umarni da wasu ke amfani da su don na'ura ta yi musu motsi, kuma a Janairun 2025 an sake gwada rage kaifin juyin, aka janye cikin 'yan kwanaki. Abin lura shi ne, har yau kamfanin ya bar wa yatsu dabararsu, na'urar da ke yi wa mutum aiki yake ta farauta. Ba mamaki wannan ɓangare na darasin ba ya cikin manhajar makarantarsa.

Haka zancen yake game da ɗaya dabarar da yake tutiya da ita, wato sufa-gilayid, inda mutum yake hawa katanga, a daidai ƙarshen hawan ya danna tsalle sannan ya danna durƙuso, sai ya fice da saurin zamiya yana sama. Tazarar da ake so tsakanin danna biyun hoto ɗaya ce tak daga cikin hotunan da kwamfuta ke zanawa. Idan tana zana 60 a sakan, tazarar kashi ɗaya ce cikin 60 na sakan. Idan tana zana 144, ƙofar ta ƙara ƙuntata fiye da ninki biyu, shi ya sa wasu ke rage yawan hotunan da gangan don su samu sauƙi. Ƙwararrun da ke buga ALGS, babbar gasar wasan ta duniya, ma takan kuɓuce musu. Amma mutuminmu ya ce shi a kowace kwamfuta, da kowane irin allo, bai taɓa kuskurewa ba. Gaskiya ne, a kwamfutarsa ba ya kuskure. Ranar da aka ɗauke wuta a layinsu ya zo shagon gem ya zauna a kan ta haya, waɗanda suke wurin sun ga mutum yana hawa katanga ɗaya yana saukowa har lokacin da ya saya ya ƙare.

Ko da ma a ce yatsunsa ne ke yi, da sauran magana, domin wasan ba gasar tsalle ba ne. Mutum 60 ake zubawa a fili, tawaga 20 ta mutum uku-uku, zobe yana matsewa, tawagar da ta rage ita ce ta ci. Duk wanda ya taɓa shiga tawaga ɗaya da shi ya san yadda ake ƙarewa: zai ɗauki Octane, jarumin wasan mai saurin gudu, ya ɓalle daga jagoran sauka tun ana sama, ya dira Fragment, wata unguwa a filin wasan, shi kaɗai a tsakiyar tawaga biyar, ya yi ta caka wa kansa allurar gudu wadda ke cin lafiyarsa, ya yi juyi biyu masu kyau a gaban mutanen da ke riƙe da bindigar kusa ta Peacekeeper, sannan a ji shi yana ihu a zo a ɗaga shi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Juyin biyun nan su ne za mu gani a bidiyo da daddare, an ɗora musu kiɗa, an yanke daidai inda harsashi ya fara sauka.

Idan aka yi masa magana, sai ya ce intanet ne. Lallai babu sabar wannan wasa, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, a Afirka ta Yamma, mu duka Turai muke shiga, irin su Frankfurt, kuma sabar sau 20 kawai take sabunta lissafinta a sakan, don haka yakan faru mutum ya riga ya shige bayan ƙofa a allonsa amma harbi ya same shi a inda abokin gaba yake ganinsa. Sai dai wannan jinkiri bai zaɓi gidan kowa ba, mu ma da shi muke wasa. Mai hankali darasin da yake ɗauka daga ciki shi ne ya riƙa juyawa da wuri, ya kuma riƙa kusantar mafaka, domin karya kwana tana biya ne a inda akwai abin da za a karya a kai: bakin ƙofa, kusurwar gini, bayan dutse, ko lokacin da aka tashi daga faifan tsallen Octane ana so a sauka a inda ba a zata ba. Amfaninta ta saya maka sakan ɗaya ka cika sulke, ko ka ɓace wa mai bindigar kusa, ko ka zagayo abokan gaba yayin da 'yan uwanka biyu suka riƙe su ta gaba. A fili fetal kuwa, inda mutum uku suka saita ka, juyin ba ya hana komai, kuma a zoben ƙarshe wanda ya riƙe tudu da haƙuri shi ke kallon masu tsalle suna zubewa.

Saboda haka ga tayi, kuma a fili nake yin sa don kada a ce an yi wa wani ƙulli. Ranar Asabar bayan sallar la'asar, a shagon da muka saba haɗuwa, za a kunna kwamfutar shago wadda ba a saka mata komai ba, a ajiye kibod da maus da hannun gem ya zaɓi wanda ya ga dama, a kafa waya guda tana ɗaukar hannayensa, wata tana ɗaukar allo. Ba a zuwa da filashi, ba a sauke wata manhaja, kuma yaran da suka biya su ne za su zauna a sahun gaba. Idan ya karya kwana a filin atisaye kamar yadda yake yi a bidiyo, ni zan biya kuɗin zaman kowa na wannan yamma, in kuma wallafa hoton a wannan shafi da hannuna. Idan kuwa uzuri ya taso, ko ciwon yatsa, ko tafiyar gaggawa zuwa Tamale, to iyayen yaran suna da lissafin abin da kowane yaro ya bayar, kuma sun ce za su karɓa ko a hannu ko ta waya kafin Juma'a.