Safar hannu mai ɗumi: abin da mai babur a Ingila ke buƙata, ba irin na hunturun gida ba

A Damagaram ko Katsina, idan hunturu ya kankama, ɗan kabu-kabu zai naɗa rawani, ya sa safar ulu, kafin hantsi ya dubi ludayi rana ta gasa shi ya cire. A Ingila ba haka abin yake ba. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyi kan tsaya tsakanin digiri 0 da 10, ga ruwa, ga rana da ba ta da zafi. Idan ana digiri 5 kana gudun kilomita 100 a awa, iskar da ke dukan hannunka daidai take da digiri 3 ƙasa da sifili. Yatsun da suka sandare ba sa kama birki da kuloci a kan lokaci. Saboda haka 'yan uwanmu masu kai saƙon abinci a kan babur su daina ɗaukar safa mai ɗumi a matsayin ƙawa. Kayan tsaron rai ce.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙaramin batirin litiyam na bolt 7.4 a wuyan hannu, akwai kuma wadda ake jonawa da batirin babur mai bolt 12, irin ta kamfanin Gerbing ko Keis. Ta farko ba ruwanta da waya, amma idan ka kai ta matakin zafi na ƙarshe, awa biyu zuwa uku ta mutu, mai aikin yini guda kuwa ba zai rayu da haka ba. Ni ta biyun nake ba da shawara. Maƙallan hannu masu ɗumi da ake sa wa kan babur ma suna da amfani, sai dai tafin hannu suke ɗumamawa, iska kuwa bayan hannu da kan yatsu take duka.

Kafin ka saya, auna cajin babur ɗin. Safa biyu na jan wajen amfiya 2 zuwa 2.5, wato kusan wat 30. Ɗora mitar auna bolt a kan batir injin na aiki, ya kamata ka ga bolt 13.5 zuwa 14.5. Bayan ka jona, kunna fitila da safar ka ɗan ja totur. In ya sauka ƙasa da 13, babur ɗin na cin batirinsa ne, wata safiya zai ƙi tashi. Ƙananan babura masu 125cc, waɗanda masu kai saƙo suka fi hawa, su ne abin ya fi shafa, domin yawancin lokacinsu a silo suke a bakin danja.

Wajen haɗawa ne ɗabi'ar gida ke cutar da mu. Mun saba ganin rewaya ya fere waya da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da salatif, ba fis ba komai. A nan ruwa da gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara za su ci wannan haɗin cikin makonni, in kuma wayar ta taɓa ƙarfe, wuta ce a ƙarƙashin tankin mai. Kashe babur, ɗaga kujera, kwance baƙar waya ta batir tukuna, sannan ja. Ɗaura zoben jar wayar safar a kan +, na baƙar a kan −, wajen mayarwa kuma ja ce farko. Fis ɗin ya zauna dab da batir, amfiya 3 ko 5 idan safa ce kaɗai. Kada ka bar na amfiya 15 da ke zuwa cikin kwali, wannan na mai haɗawa da riga da wando ne. Bi da wayar ta gefen firam, nesa da injin da salansa, ka ɗaure ta, ka bar bakinta ya leƙo ta gaban kujera wajen cinyar hagu. Waya mai reshe biyu ita ke bi ta cikin jaket, reshe ɗaya a kowane hannun riga. Juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka tabbata ba ta ja ba.

Wannan haɗin kai tsaye yana da wuta ko makulli na kashe. Mai mantuwa ya sa rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke karɓar umarni daga wayar fitilar baya, ta yadda kashe babur zai kashe safar.

Fara da zafi sosai na minti biyar, sannan ka rage. In ka bar shi a sama hannu zai yi gumi, gumin ya huce, sanyi ya fi na da. Safa mai matsewa ma tana hana jini gudu, a bar ɗan sarari a kan yatsu. Yawancin waɗanda ke lalacewa a wuyan hannu wayarsu ke tsinkewa, saboda ana fizgo su ta igiya ko a sauka daga babur ba a cire jonin ba. Idan ta jiƙe kada a matse ta, kada a ɗora a kan hita, a rataye ta a ɗaki bakinta na kallon ƙasa ta bushe da kanta.