Tafiyar da ba wajen kowa za a je ba

A wurinmu kowace tafiya tana da mai ita. Ba a haɗa kaya, a zuba yara a mota, a kama hanya, sai da sunan wani a can ƙarshenta: ko amarya, ko mai jego, ko marar lafiya, ko gidan rasuwa, ko iyayen da za a kai wa gaisuwar Sallah. Shi ya sa duk sanda na gaya wa Hajiya ta waya cewa za mu fita da yara mu bi gaɓar kogi, tambayarta ba ta sauyawa: "Wa ke gare ku a can?" In na ce babu kowa, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya tsare," da muryar da ake yi wa wanda ake zargin zaman waje ya fara taɓa masa kai.

Ni dai ina ganin wannan tafiya ba almubazzaranci ba ce, ba kuma kwaikwayon Turawa ba. Amma ban yarda da masu cewa tana nuna mutanen nan sun fi mu son iyalinsu ba. Magani ce suka nemo wa ciwon da irin zamansu ya jawo musu, mu kuma da muka zo muka shiga zaman, ciwon bai ƙyale mu ba.

A jihar Minesota ta Amurka, inda muke zaune, sanyi yana kamawa tun Nuwamba, ba ya saki sai Maris ya yi nisa. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi. Maiɗakina tana aikin dare, ni ina na rana, sau da yawa a bakin ƙofa muke haɗuwa, tana cire takalmi ina sa nawa. Yara su hau motar makaranta da duhun safiya, su dawo kowa ya shige ɗakinsa da waya a hannu. Babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabciyar da za a ce wa "ga su nan, ina zuwa." Gida ɗaya, mutum kaɗan, amma sai mako ya zagayo ba a zauna an yi hirar da ta wuce "ka yi aikin makaranta?" da "wa ya bar fitila a kunne?" ba.

A gida ba haka abin yake ba, kuma kewarsa ba ta barina. Yaro yana tashi cikin mutane, bai san kaɗaici ba. Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya, wannan cikar gida tana ɓoye wani giɓi. Uba yana iya shekara goma yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana biyan kuɗin makaranta, bai taɓa zama awa biyu yana sauraron 'yarsa ba. Da an ji "Baba ya dawo" sai tsakar gida ta yi tsit, shi kuma ya yi wanka ya fice majalisa. Wasu ne suka ɗauke masa nauyin hirar, shi ya sa ba ya jin rashinta. A nan babu mai ɗauke maka. Ko ka yi, ko ba a yi ba.

To idan Afrilu ya shigo, lokacin da a gida zafi ke kai maƙura ana duban gabas ko hadari zai taso, nan kuma ƙanƙara ke narkewa. Mutane su fito kamar an buɗe musu kurkuku. A lokacin ne muke bin hanyar da suke kira Great River Road, wadda aka tsara tun 1938 don ta bi kogin Misisipi daga mafarinsa a tafkin Itasca har inda ya faɗa teku a Luwiziyana, ta ratsa jihohi 10, tsawon kusan mil 3,000 in an haɗa ɓangarorin kogin biyu. Ba sabon titi aka gina ba. Tsofaffin hanyoyin da ke gefen kogin aka ɗinke, aka kafa musu koren allo mai hoton sitiyarin jirgin ruwa. Mu ɗan yanki muke ɗauka: mu gangara ta hanya mai lamba 35 a ɓangaren Wiskonsin, mu tsallake gada, mu dawo ta mai lamba 61 a ɓangaren Minesota. Dogayen duwatsu a hannu ɗaya, ruwa a ɗayan, layin dogo yana binka a tsakani.

Abin da ya fi burge ni ba kyan wurin ba ne. Yawan wuraren tsayawa ne. Kafin ka yi nisa an faɗaɗa gefen titi, an sa tebur da benci, wani wurin har da banɗaki da allon da ke ba da tarihin wurin, kuma yawancinsu ba a karɓar ko sisi. Tun 1924 gwamnatinsu ta keɓe fadamun kogin daga Wabasha zuwa Rock Island, mil 261, ta ce na tsuntsaye da kifi ne, jama'a kuma su shiga su gani. A wannan lokaci tsuntsayen da suka yi ƙaurar sanyi suke dawowa daga kudu, agwagi da dinya da kwasakwasa garke-garke, ga mikiya mai farin kai tana zaune a kan busasshen reshe tana jiran kifi. A tafkin Pepin, inda yashin da kogin Chippewa ke kwasowa ya tare ruwan Misisipi har ya bazu ya zama tafki, ƙanƙara ta fi daɗewa ba ta narke ba, don haka ranar da jirgin kaya na farko ya ratsa shi, galibi cikin Maris, ita ake ɗauka a matsayin buɗe kakar sufurin shekara.

Inda muka fi ɓata lokaci shi ne ƙofofin ruwa. A shekarun 1930 injiniyoyin sojan Amurka suka jera madatsun ruwa tsakanin Miniyapolis da St. Louis don zurfin hanyar jirgi kada ya gaza ƙafa 9, kowace madatsa da ɗakin da jirgi ke shiga a rufe ƙofa, a ƙara ruwa ko a rage, ya hau ko ya sauka. Jirgi ɗaya ne ke turo manyan akwatunan ƙarfe 15 da aka ɗaure wuri guda, uku a faɗi, biyar a tsawo, kowanne ɗauke da kimanin tan 1,500 na masara ko waken soya ko takin zamani. Yawancin ɗakunan tsawonsu ƙafa 600 ne, ayarin kuwa ya kusa ninka hakan, dole a kwance shi gida biyu. A shigar da rabi, a rufe, ruwa ya sauka a hankali har ka ga jiƙaƙƙen bango yana tsirowa, a ja su waje da igiyar ƙarfe, a dawo a ɗauki sauran, a sake ɗaurewa. Aikin yana cin fiye da awa guda. Ma'aikata sanye da rigar ceto suna tafiya a kan akwatunan, suna jan sarƙa, ba mai gaggawa.

Muna jingine da ƙarfen dandalin kallo, iska mai sanyi tana kaɗa mana hijabi da hula, babbar 'yata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abba, ka san na daina cin abincin rana a ɗakin cin abinci na makaranta?" Ban sani ba. Wasu yara ne suka sa ta gaba da tsokana kan ɗankwalinta, ta koma laburare tana ɓuya, wata da watanni. A gida ɗaya muke kwana. Da a falo ne ba za ta faɗa ba, don a falo kullum ina kan hanyar zuwa wani wuri. Sai da aka samu wurin da babu abin yi sai jiran ruwa ya sauka. Wannan shi ne amfanin tafiyar, sauran duk ƙari ne.

Yanzu a dubi namu. Kogin Kwara, daga tsaunukan Gini har teku, ya kai kusan kilomita 4,180, ya fi Misisipi tsawo. A Lakwaja yake haɗuwa da Binuwai, wanda ya hau dutsen Patti zai ga ruwan biyu suna gamuwa a ƙasansa. A fadamun Haɗeja da Nguru tsuntsaye suna sauka daga Turai duk shekara. Arugungu tana bikin kamun kifi tun 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016. Ba mu rasa kogi ba, ba mu rasa ido ba. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa kudu ya haye gadar Murtala da ke Jamata, a tambaye shi ko ya taɓa tsayawa ya nuna wa 'ya'yansa ruwan. Ta taga ake ganinsa, a guje.

Tafiya a wurinmu tsere ce da rana. A yi sammako bayan asuba, a yi addu'a, maigida ya riƙe sitiyari fuska a ɗaure yana lissafi: kada la'asar ta riske mu a wancan daji, kada mota ta lalace a wancan kwana. Yaro ya ce yana jin fitsari a daka masa tsawa. Waya tana ta ƙara, "Kun kai ina?" Shingen bincike, rami, tirela ta faɗi ta tare hanya. Tun da garkuwa da mutane ta zama sana'a, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka gudu gare shi aka tare a ranar 28 ga Maris, 2022, wa zai faka mota a gefen daji ya ce yara su fito su ga tsuntsu? Wanda ya yi haka ba mai nishaɗi za a kira shi ba.

Za a ce ai batun kuɗi ne, mai neman na cefane ina shi ina yawon buɗe ido. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Mutumin da ke kwasar iyali ya kai su biki jiha uku daga gida ya riga ya sayi man, ya riga ya bi ta gefen kogin. Rabin awa ce kawai ba zai iya bayarwa ba, kuma ba aljihunsa ne ya hana shi ba, tsoro ne.

Kada kuma a ɗauka a nan sama ta sauko musu da wannan natsuwa. Ƙasar da hanyar ta bi ta ƙabilun Dakota da Ho-Chunk ce da wasunsu, aka raba su da ita. Tsibin ƙasar da kakanninsu suka gina, sama da 200, wasu cikin siffar tsuntsaye da dabbobi, suna nan a tsallaken garin Prairie du Chien, a jihar Ayowa. Baƙaƙen Amurka kuwa, daga 1936 har tsakiyar shekarun 1960, da ɗan littafin jagora suke tafiya, wanda ke nuna musu inda za a yarda su kwana, su ci abinci, su sha mai ba tare da an wulaƙanta su ba. Sai da dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a irin waɗannan wurare. Mutum mai irin fatata, a wannan ƙasar, kakansa bai isa ya tsaya inda ya ga dama ba. Har yau ma in muka shiga ƙaramin gari da babu baƙi, mukan sha kallo, kuma sai na zaɓi lungun da za mu shimfiɗa darduma mu haɗa azahar da la'asar. Sau da yawa kallon ba ya wuce na mamaki, wata tsohuwa ma ta taɓa tsayawa ta jira muka sallame don kawai ta nuna wa yara sheƙar mikiya. Abin lura dai shi ne, da hannu aka gina wannan aminci, da doka da kuɗin haraji, cikin shekarun da mai rai zai iya tunawa.

Akwai wani abin da ke sa ni jin nauyin wannan magana. Ga Banufe da Basarke da duk wanda ke zaune a bakin Kwara, kogi ba abin kallo ba ne, gona ne, kasuwa ce, hanya ce, wani lokaci kuma kabari. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi, kwale-kwale ya kife da su suna dawowa daga biki. Ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse hanyar Lakwaja, matafiya suka kwana a titi. Tashar jiragen ruwa ta Baro an ƙaddamar da ita a Janairun 2019, aka shafe shekaru tana zaman jiran jirgi. Wanda bai samu rigar ceto ba, ba benci zai nema ba. Sai dai a ganina hukumar da za ta damu ta sa rigar a kwale-kwale ita ce dai za ta damu ta sa bencin, domin tambayar ɗaya ce: ko ran talaka da lokacinsa suna cikin lissafi.

Ƙorafina na ƙarshe kan 'yan uwana mazauna nan ne. Da yawanmu mun zo da tsoron hanya a jikinmu, muka ajiye shi a ƙasar da ba a bukatarsa. Hutun aiki ko dai a tara shi don zuwa gida, ko a sayar da shi a yi ƙarin awoyi ana tura kuɗin gini, ginin da Allah kaɗai ya san ko yaran za su kwana a cikinsa. Ban ce a bar zumunci ba, wannan tafiya ba ta maye gurbin gwaggo, kuma yana damuna cewa autanmu ya fi sanin sunayen garuruwan bakin Misisipi a kan sunayen 'yan uwan babansa. Amma Asabar ɗaya ba ta rushe gini. Wanda zai je ya je tsakanin ƙarshen Afrilu da Mayu, ya duba labarin ambaliya kafin ya fita, don ruwan narkewar ƙanƙara kan rufe wasu hanyoyin, kamar yadda ya yi a 2023. In ya bari zafi ya shigo sosai, zai tarar da sauro, da wasu ƙwari masu kama da shinge da ke tashi daga kogin dare ɗaya, da yawan da har na'urar hasashen yanayi ta garin La Crosse ke ɗaukarsu, wani lokaci sai an fito da motocin kwashe dusar ƙanƙara an share su daga kan gada.