Rigimar Tura Kuɗi Ta Ishe Mu

Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023 mu ƙananan 'yan kasuwar Katsina muka koma karɓar ciniki ta hanyar tura kuɗi a waya, kuma tun daga lokacin gardama da masu saye ba ta ƙare ba. Mutum zai tsaya a bakin shago a babbar kasuwa, ya nuna hoton rasit a wayarsa, ya ce an cire masa kuɗin atamfa turmi biyu, alhali ko kwabo bai shigo asusuna ba. Idan na roƙe shi ya dakata har alat ya iso, sai ya fusata ya ce, "Haba Alhaji, ni zan cuce ka?" Rasit dai ba kuɗi ba ne, ga shi na bogi sun yi yawa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai sayen da zai karɓi kaya ta hannun direban motar Daura, sannan ya kai ƙara bankinsa cewa bisa kuskure ya turo kuɗin. Sai a riƙe kuɗin a asusuna ba tare da an ji ta bakina ba, in rufe shago in je in bi layi da hotunan hirarmu ta WhatsApp. Babban Bankin Najeriya ya ce a fara kai koke banki, a jira mako biyu kafin a je wurinsa. Wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, da me zai saro kaya a waɗannan kwanakin?