Ƙofar ilimin da korona ta buɗe bai kamata ta zama alfarma ba

A ranar 31 ga Janairun 2020, tun kafin Nijar ta samu mai korona na farko a watan Maris, gidauniyar Wellcome ta Ingila ta fitar da wata sanarwa da manyan kamfanonin buga mujallun ilimi irin su Elsevier da Springer Nature suka sa wa hannu. Sun yarda a bar duk binciken da ya shafi cutar a buɗe, kowa ya karanta kyauta. Su ne dai kamfanonin da suka shekara da shekaru suna cewa sana'arsu ba ta ɗorewa sai mai karatu ya biya.

Daga nan rubutu ya ɓarke. Masana suka daina jiran mujalla ta kwashe watanni tana tace aikinsu, suka riƙa ɗora shi kai tsaye a rumbunan intanet irin su medRxiv da bioRxiv. Saurin ya yi rana, domin bayanin ƙwayar halittar cutar da masanan Sin suka saki a Janairu shi ya ba da damar fara haɗa allurar rigakafi nan take. An kuma yi tuntuɓe. A Mayun 2020 mujallar The Lancet ta buga wani bincike kan maganin hydroxychloroquine wanda ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya dakatar da gwajinsa, sannan mujallar ta janye shi a Yuni da aka kasa tabbatar da alƙaluman. Masu sukar buɗe ilimi kan kafa hujja da irin wannan, amma aikin ya bi ta hannun masu tacewa kafin a buga shi, kuma masanan da suka karanta shi a fili su ne suka tona aibinsa cikin ƴan kwanaki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an buɗe ƙofar ne don cutar ta shiga gidajen masu hali. Mu a Maraɗi annobarmu ba ta jiran sanarwa daga Janeba, mazaunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Zazzaɓin cizon sauro na cika asibitoci da yara duk damina, ga tamowa, ga kwalarar da ta afka wa Madarunfa a 2018 ta kuma dawo jihar a 2021. Waɗannan ba su samu irin wannan yarjejeniya ba. Alhali a ƙasar Madarunfa ɗin nan aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan dubban jarirai, aikin da aka buga a 2017 duniya ta amfana da shi.

Gaskiya ne shirin Research4Life yana bai wa cibiyoyin ƙasashe irin tamu damar karanta mujallu da yawa kyauta. Sai dai ta hannun cibiya mai rajista ake shiga, kuma kyauta ce da mai ita zai iya janyewa. Ga shi yanzu kuɗin ya tashi daga kan mai karatu ya koma kan marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500, sama da sefa miliyan 6, ga mai son a bar maƙalarsa guda a buɗe. Ana yi wa talakawan ƙasashe rangwame, amma kamfani ne ke yanke wanda zai samu. Malamin jami'a da ke neman ƙarin girma a CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashenmu, sai da bugaggun ayyuka, to da wane aljihu?

Saboda haka nake ganin gyaran daga gida zai fara. A Nuwamban 2021 ƙasashen UNESCO, har da Nijar, suka amince da shawarar buɗe ilimin kimiyya ga kowa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suna da bincike kan wake, gero, raya itatuwa a gonaki da lafiyar yara wanda na waje ba zai yi mana ba. Kowane kundin digiri, kowane rahoton da aka yi da kuɗin jama'a, ya kamata a ɗora shi a rumbun intanet na kyauta, a kuma tallafa wa mujallunmu su shiga dandalin AJOL inda ake samun mujallun Afirka. Ita kuma CAMES ta ba aikin da aka buga a irin waɗannan mujallu cikakken nauyinsa, in dai an tace shi da gaske.